Indomi, rariya ko matata: wane suna ya dace da tukunyar hayaƙin mota?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na raka ɗan yayana daga Agege zuwa kasuwar Ladipo da ke Mushin, domin ya sauya bututun hayaƙin motarsa ta tsere ƙirar Mustang, wanda tsatsa ta cinye saboda damshin Legas da ruwan da ke kwanciya a titi da damina. Muna tafe muna tattaunawa, sai na lura duk abin da ke tsakanin inji da wutsiyar mota salansa muke ce masa, alhali salansa gwangwani ɗaya ce kawai mai rage ƙara. Wanda ya shiga kasuwa da wannan kalma ita kaɗai yana iya sayo abin da ba shi ne ya lalace ba.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyar nan ta kusa da inji, wato catalytic converter a Turance, wadda makanikan Legas ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da curin taliya kafin a dafa. Sunan ya zauna a baki, amma ba ya gaya wa mai mota amfanin abin, shi ya sa idan aka ce masa a fasa a zubar sai ya yarda nan take. Ƙananan ramukan cikinta kuwa an shafe su ne da filatinam da faladiyam da rodiyam, ƙarafa masu tsadar gaske, kuma tun 1975 yawancin sababbin motocin Amurka ke fitowa da ita.

Wani malamina ya ba da shawarar a ce rariyar hayaƙi. Allah ya gafarta Malam, a nan ina da ja. Rariya tana tare tsaki ne ta saki gari, ita kuwa wannan tukunya ba ta riƙe komai. Idan ta yi zafi, tana juya iska mai guba, wadda ke kashe mutane a ɗakin da aka kunna janareta, ta koma irin wadda muke fitarwa da numfashi, ta kuma ƙarasa ƙone man da inji bai cinye ba. Gara a ajiye rariya don abin da ke cikin motocin dizal na zamani, wanda shi kam da gaske yake tare baƙin hayaƙi.

Wasu sun ce majuyi. Ma'anarsa daidai ce, sai dai kunne madafi yake tafiya da shi.

Ni matatar hayaƙi na zaɓa. Na san za a ce tacewa ma rabewa ce, amma Hausa ta riga ta faɗaɗa kalmar: matatar man Ɗangote da ke Lekki ɗanyen mai take karɓa ta fitar da fetur, kuma babu Bahaushen da ya ji sunan ya yi zaton ƙyalle ake nufi.

Da zarar sunan ya tsaya, ciniki ya yi sauƙi. Jerin bututun da kamfanoni irin su Borla da MagnaFlow ke sayarwa, wanda ke farawa daga bayan tukunyar zuwa wutsiya, sai mu kira shi bayan-matata. Shi ne ke ba mota amon da masu tsere ke so ba tare da an taɓa matata ba. Idan kuwa aka cire ta, na'urar auna iska da ke bayanta za ta gane, fitilar gargaɗin inji ta kama, kwamfutar mota ta nuna lambar matsala P0420, mai nufin matata ba ta aiki yadda ya kamata. Bayan-matata ɗan yayana ya saya, na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304, kuma na hana shi ɗaukar bututu mai faɗi fiye da kima, domin yana rage wa mota ƙarfin tashi.

Saura ɗan gwangwanin da ke tsakanin matata da salansa, mai kashe gunjin da ke cika cikin mota a kan babban titi. Ƙaramar salansa nake ce masa a yanzu, amma ina roƙon makanikanmu na Idi-Araba da Agege su faɗa mana yadda suke kiransa a gareji.