Wa Ya Ce Wa Yaro Zo Ka Karanta? Musayar Waƙa Kan Makarantar Gwamnati

Mai Alli:

Assalamu alaikum 'yan fage. Makon jiya tashoshin talabijin biyu suka yi rahoto kan makarantar da nake koyarwa. Ɗaya ta ce kufai ce, ɗaya ta ce abin koyi ce. Ni da nake shiga ajin kullum ban gane ta a ko ɗaya ba. Ga abin da ya fito mini, mai amsa ya amsa.

Da sunan Rabbana na ɗau alli,
In zana halin da ke makaranta.

Ranar Litinin mai kyamara ya zo,
Ko gaisuwa bai tsaya ya kyautata.

Ajin da ke da rufi ya tsallake,
Ya nufi wanda iska ta kware ta lalata.

Benci uku ya sa a fitar waje,
Yara su zauna ƙasa, hoton ya tsananta.

Daren nan aka ce mun zama kufai,
Wai ciyaman ya cinye, ya bar mu mun talauta.

Ranar Alhamis wata tashar ta iso,
Da motar fenti biye da ita.

Bangon da ke kallon titi aka shafe,
Tsagar na baya ba wanda ya kula ta.

Aka shigo da bencin aro, sabo fil,
Kafin la'asar motar ta kwashe kayanta.

Daren nan aka ce mun zama abin koyi,
Wai na nesa su zo su gani su kwatanta.

Yara 74 ne a ajina,
Ba wanda ya ce wa ɗaya: zo ka karanta.

Ku da kuka san aikin jarida, ku faɗa min,
Wanne ne labarin, wanne aka manta?

Tsohon Edita:

Wa alaikumus salam Malama. Kin sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Bari in kare gidanmu kaɗan, in tona shi kaɗan.

Malama, na ji kukanki, na kuma san shi,
Don ni ma na daɗe ina dafa labari.

Minti biyu ake ba ka a labaran dare,
Karatun shekara shida ba ya shiga da sauri.

Rufin da ya yaye, ido na ganinsa,
Yaron da bai san harafi ba, shi sai nazari.

Nazari kuwa mota ne, kuɗi ne, kwanaki ne,
Mai tashar so yake a gama da wuri.

Kuma mai tashar nan yana da aboki,
Ko mai kujera, ko mai neman ta a gari.

In tallan gwamnati ke biyan albashinka,
Alƙalaminka da kansa zai rage tauri.

In kuwa maigidan ɗan adawa ne,
Ko an yi daidai sai ka tono sharri.

Aiki guda ne, wannan ya ce "garambawul",
Wancan ya ce "kora", kowa da nasa gishiri.

Ban ce ƙarya muke ba, Malama, ki lura,
Rufin ya yaye, fentin an yi, babu ƙari.

Son kai ba ya cikin abin da aka faɗa,
Yana cikin wanda aka ce: wannan a bari.

Amma kar a yi mana kuɗin goro,
A Atlanta ta Amurka jarida ce ta tona asiri.

Sakamakon jarrabawa ya yi kyan da ya wuce hankali,
Suka bi lissafi, suka ce ba wannan sihiri.

Ashe amsar yara ake gogewa ana gyarawa,
Binciken 2011 ya kama fiye da ɗari.

Ga wanda bai san zancen ba: malamai da shugabannin makarantu 178 rahoton ya ambata, a 2015 kotu ta sami 11 da laifi. An matsa musu ne lallai maki ya hau, sai suka hau da shi da magogi.

Ɗan Jam'iyya:

Na ga an fara jifan ɓangarenmu. Ni ƙwar huɗu zan yi, don maganar ta fi baiti biyu nauyi.

Baba Edita, na ji bayani,
Malama, na ga abin da kika gani,
Amma ku tsaya ku yi tunani,
Duk mai gyara sai ya sha tsawa.

Kaduna ku tuna, a 2017,
Jarrabawar 'yan aji huɗu ce kawai
Aka ba malamai, sakamakon na nan sarai,
Mutum 21,780 suka kasa tsallakewa.

El-Rufa'i ya ce su tafi gida,
Aka yi ta ihu a rediyo da jarida,
Ba a tambayi yara ba, su ne shaida,
Wa zai kai ɗansa gun mai kasa koyarwa?

In mun yi fenti, ku ce ado ne,
In mun bari, ku ce sakaci ne,
In mun kori malami, zalunci ne,
In mun ƙyale shi, mun sayi ƙuri'ar talakawa.

Shekara huɗu aka ba mu, ba a ƙara ba,
Ɗan aji ɗaya bai kai aji shida ba,
Karatunsa bai taɓa hawa allon talla ba,
Gini ake gani, shi ya sa muke ginawa.

Mai Alli:

Baitinka na ƙarshe shi ne gaskiyar da na fi so, ɗan'uwa, Allah ya sa ciyaman bai gani ba. Amma zancen Kaduna ba zan bar shi ya wuce haka ba.

Ɗan Jam'iyya, ban zo kare jahilci ba,
Wanda bai iya ba, ya ajiye allin ya fita.

Amma wa ya ɗauke su aiki tun farko?
Wasiƙar wane ce, da sa hannu a ƙasanta.

Maki 75 aka sa a matsayin tsira,
Mai 74 da mai 10 an ƙi a bambanta.

Takardun da suka fi muni aka baza a intanet,
Aka yi ta dariya, sana'ar duka aka wulaƙanta.

Lokacin na shiga aji, wani yaro ya ɗaga hannu:
"Malama, ke kin ci?" Na rasa abin da zan furta.

Mai rabon guraben kuwa yana nan da rawaninsa,
Ba jarrabawar da aka ba shi ya rubuta.

Ɗalibin Tarihi:

Iyayena, ku ba yaro wuri ya tsoma baki. Kar mu ɗauka talauci kaɗai ke kawo wannan rigimar.

Na buɗe littafi na duba na nesa,
Wannan ciwon har can ƙasar Amurka.

A 2010 jaridar Los Angeles Times,
Sunan malamai wajen 6,000 ta saka.

Kowa da matsayinsa, wannan gwani, wancan baya,
Da makin jarrabawar yara aka auna su duka.

Masu lissafi suka ce ma'aunin na rawa,
Gwanin bana, baɗi sai ka ga ya sauka.

Amma suna in ya fita a jarida ya fita,
Gyaran da ke shafin ciki wa zai ɗauka?

A Shikago, 2013, zamanin magajin gari Rahm Emanuel,
Makarantu kusan 50 aka rufe, ba shakka.

Wai yara sun ragu, kujeru sun yi yawa,
Akasari a unguwannin baƙar fata da talaka.

Hukumar da ta yanke, magajin garin ya naɗa ta,
Iyaye sun yi ta magana, ba ta canja harka.

A Niwak mai Facebook ya ba da dala miliyan 100 don makarantu,
A shirin talabijin aka sanar, da tafi da ɗaukaka.

Iyayen garin ta akwatin suka ji labari,
Kamar gonarka ce, wani ya wayi gari ya yi shuka.

Ɗan Jam'iyya:

Ɗalibi, baitinka na Niwak ya yi tsawo kamar layin karɓar albashi, amma ka taimake ni:

Ka ga har masu dala suna rufewa,
Har can ma iyaye suna kokawa,
Mu da ko alli sai mun yi rantowa,
Me zai sa a ce mu kaɗai ke gazawa?

Ɗalibin Tarihi:

Yaya, ba taimakonka na yi ba. Cewa na yi duk inda aka yanke hukunci a ofis aka sanar a kyamara, masu yaran ne na ƙarshen ji.

Uwar Biyu:

Na daɗe ina karanta ku ban ce uffan ba. Ban iya waƙa ba, in ƙafar baiti ta karye ku ɗora mini.

Malamai da 'yan boko duk kun yi bayani,
Ni zan faɗi abin da na gani ga ɗana.

Aji biyar yake, jakarsa har tana rinjayarsa,
Rannan na miƙa masa takarda daga hannuna.

Ta asibiti ce, na ce sau nawa zan sha maganin?
Ya kafa mata ido, ya sunkuyar da kai, ya zauna.

Ya san taken jam'iyya biyu da ka,
Ya san waƙar kowane ɗan takara da suna.

An kira mu taron iyaye sau ɗaya bara,
Aka jera mu a layi muka sha rana.

Mai makirufo ya ce, "Hajiya, yaba wa gwamnati,"
Na ce yaron bai iya karatu ba, ku zo ku auna.

Da dare na ga kaina a talabijin ina murmushi,
An yanke zancen, an bar "mun gode" a bakina.

Bayan sati biyu 'yan adawa suka aiko,
Su ma hawayen suke so, ba sa son bayanina.

Da mai mulki da mai neman mulki ina tambaya,
Waye ɗansa ke benci guda da ɗana?

Tsohon Edita:

Hajiya, ƙafar baitinki ba ta karye ba, tawa ce ta yi sanyi.

Kin sa na ajiye alƙalami na yi tagumi,
Irin yankan nan na yi shi ya fi sau ɗari.

Ɗanki ba shi kaɗai ba ne, Bankin Duniya ya ƙirga,
A 2022 aka fitar da nazari:

A ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali,
7 cikin 10 na 'yan shekara goma ba sa gane gajeren labari.

Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003,
Yara fiye da miliyan suka shigo da sauri.

An yi murna, kuma murnar tana kan hanya,
Ƙofar da ke rufe ta buɗe, wannan alheri.

Sai dai mun ƙirga kawunan da suka shiga aji,
Abin da ya shiga kawunan muka ce a bari.

Mai Alli:

To tunda mai jarida, mai jam'iyya da mai ɗa duk suna nan, kar a tashi hannu rabbana.

Ga shawara, ku saurara da kyau,
Ba fenti a ciki, ba kwangila, kyauta.

A zo da labari mai layi biyar a takarda,
A ɗebi yara goma da ƙuri'a, kowa ya karanta.

Kar hedimasta ya zaɓo mana gwanaye,
Kar ɗan adawa ya zaɓo mafi rauni a cikinta.

Tashoshin nan biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa,
Adadin da aka samu shi za a rubuta.

A dawo ƙarshen zango a sake aunawa,
In ban ƙara ko ɗaya ba, ni ce farkon da za a hukunta.

Amma a ƙirga yaran ajin, a ƙirga littafi,
A ƙirga watannin albashin da aka jinkirta.

Ɗan Jam'iyya:

Malama, ba na son laɓe-laɓe,
Amma wata biyar ya rage zaɓe,
In adadin ya fito, rigarmu za a tuɓe,
Ku bari a wuce, sai mu zo aunawa.

Tsohon Edita:

Ni zan zo. Ba ni da kyamara yanzu, sai biro da tabarau.

Uwar Biyu:

Wata biyar ɗin nan yaron zai shiga aji shida,
Malama, ni zan kawo shi, ki sa mini rana.

Mai Alli:

Laraba, bayan an tashi. Hajiya, ki taho da takardar asibitin nan, da ita za mu fara.