Ƙofar fistin ɗina a Minecraft: na sama na motsi, na ƙasa sun ƙi

Dan_Dala
Salam ƴan uwa, don Allah masu buga wasan Minecraft a taimaka min. Ina so in haɗa ƙofar nan mai bulo biyu tsawo biyu faɗi da take buɗewa da kanta in ka taka faranti, a waya nake bugawa, na bi wani bidiyo a YouTube tiryan-tiryan amma in na ba da wuta fistin (na'urar da ke tura bulo) na sama ne kawai ke fitowa na ƙasa ko gezau, kuma shi mai bidiyon layi ɗaya na redston (garin da ke kai wuta a wasan) ya ja duka suka motsa. Sannan ƙwallon silaim, wanda ake haɗa fistin mai danƙo da shi, biyu kacal gare ni, shin zan iya sa fistin gama-gari a sauran biyun? Kuma ina ake samun silaim ɗin nan ne wai, na yi yawo har na gaji.

Injiniya_Redston
Wa alaikassalam ɗan uwa. Ba hannunka ba ne, ina kyautata zaton mai bidiyon a Java yake, wato Minecraft ta kwamfuta, kai kuma taka ta waya Bedrock ce, kuma a maganar fistin ba ɗaya suke ba. A Java fistin yana iya karɓar wuta ta gurbin da ke samansa, shi ya sa in an jera biyu aka kunna na sama sai na ƙasa ya biyo shi. A Bedrock babu wannan kwata-kwata, kowane fistin sai wuta ta taɓa shi shi kansa, ko ta bulon da ke jikinsa.

Ga yadda nake yi kuma yana aiki a duka biyun. Ka jera fistin biyu ɗaya kan ɗaya a dama, biyu a hagu, suna kallon juna, ka bar gurbi 4 tsakaninsu, bulon ƙofar na manne a fuskar kowanne. To a bayan fistin na ƙasa ka kafa tocin redston a tsaye kan bulo, sai ka ɗora wani bulo mai ƙwari a saman tocin, dutse ko katako, banda gilashi don gilashi ba ya ɗaukar wuta. Kaga tocin na jikin fistin na ƙasa yana ba shi wuta, bulon da ke kansa kuma ya ɗau wuta yana jikin na sama, shikenan duka biyun sun miƙe ƙofa ta rufe. Abin da ya fi burge ni da wannan tsarin shi ne tocin da kansa yake juya aikin, don so kake ƙofa ta zauna a rufe sai an taka ta buɗe, to sai ka haƙa rami zurfin bulo biyu ƙarƙashin inda farantin takawa zai zauna ka shimfiɗa garin redston ka kai shi har ya shiga bulon da tocin ke tsaye a kai, kana takawa toci ya mutu fistin su ja baya. Ka sa faranti ciki da waje kar ka kulle kanka. In wayar, wato layin garin, ta yi nisa ka tuna wutar redston bulo 15 take tafiya ta ƙare, sai ka sa rifita ta sabunta ta.

Maganar gama-gari kuwa a'a, ba zai yi ba. Shi turawa kawai ya iya, in ya koma zai bar bulon a tsakiyar hanya. Dole mai danƙo guda 4.

Ummi_Gini
Yaya Dan_Dala kan silaim, dodannin nan masu tsalle, ka nemi fadama da daddare, sun fi fitowa daren da wata ya cika, in babu wata ma kar ka wahalar da kanka. Ƙananan ne ke yar da ƙwallon, babban in ka sare shi rabuwa yake yi. Akwai kuma wasu yankuna a ƙarƙashin ƙasa, ƙasa da Y 40 (lambar da ke nuna tsayin wuri a wasan), da suke fitowa ko da haske, in ka taɓa jin tsalle-tsallensu a rami ka sa alama a wurin ka faɗaɗa shi. In kana da emeral, dutsen da ake ciniki da shi a wasan, ɗan kasuwar nan mai yawo da dabbobinsa biyu wani lokaci yana kawowa, emeral 4 ƙwallo ɗaya, da tsada amma tunda biyu kake nema ai da sauƙi.

Kafin ka samu kar ka bar gama-garin a akwati, ka yi gonar rake da su, ni da ita na fara gane kan redston. Rake a bakin ruwa, fistin a bayansa a hawa na biyu, obzaba (bulon da ke ba da wuta in ya ga canji a gabansa) a saman fistin yana kallon hawa na uku, bulo a bayan fistin da garin redston a kai. Da raken ya kai uku obzaba ya gani fistin ya karya shi ya bar gindin ya sake tsirowa. Takardar littafi da ta cinikin ƴan ƙauye duk daga nan.

Sarkin_Yaki
Gaskiya ni shawarata in da hali kawai ka koma Java, redston ɗin waya ba shi da tabbas, wani lokaci ka haɗa abu yau ya yi daidai gobe fistin biyu su saɓa wa juna wajen wanda zai riga fita. Kuma a Java akwai dabarar da in ka ba mai danƙo wuta ta ƙiftawar ido zai tura bulo ya bar shi can, manyan ƙofofi da yawa a kanta aka gina su.

Injiniya_Redston
Oga abin da ka faɗa na saɓawar gaskiya ne amma ai ba kowa ke da kwamfuta ba, kuma rifita na gyara mafi yawansa, ka jinkirta ɗaya ka ga ko za su sake rigima. Bedrock ma tana da nata, fistin ɗinta na tura akwati da murhu da hofa (mazurarin kaya) da kayansu a ciki, wanda a Java ko motsi ba sa yi, tun da aka shigo da fistin a Beta 1.7 a 2011 haka suke.

Dan_Dala abu ɗaya da zan ƙara tunda na san daga ƙofa sai ka fara sha'awar bulon silaim. Fistin bulo 12 yake iya turawa, in suka kai 13 ba zai fito ba sam, kuma bulon silaim yana kwaso duk abin da ke jikinsa har ƙasan da yake zaune a kai, duk a cikin lissafin 12 ɗin suke. Don haka inda ba ka so ya kama ka sa baƙin dutsen nan obsidiyan, shi ba ya turuwa ba ya jawuwa. Bulon zuma ma yana da danƙo amma ba ya manne wa na silaim, da shi ake raba sassa biyu masu motsi a jere.

Dan_Dala
Allah ya saka da alheri, na sa tocin a ɓangaren dama da masu danƙon biyu da nake da su, sama da ƙasa duk sun fita tare wlh. Akwai fadama bayan ƙauyen da na sauka, wata ya kusa cika zan je. Malam Injiniya ɓangaren hagu sai na ja masa tasa wayar daban ko ramin ɗaya zan raba biyu?

Injiniya_Redston
Ramin ɗaya, garin da ke ƙarƙashin farantan ka haɗe shi wuri guda sai ka ja reshe dama reshe hagu, ka yi ƙoƙari tsawonsu ya zo daidai, sannan ka rufe saman ramin amma ka duba kar wani bulo ya datse wayar a inda take hawa.