Motar haibirid a zafinmu da ƙurarmu: me ke fara lalacewa, kuma ta wane kamfani za a saya?

Mai_Neman_Mota: Assalamu alaikum. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 masu tambayar haibirid, wato motar da ke haɗa injin fetur da lantarkin batir, suka yi yawa, amma kowa tsoron batir yake. Makanikai da masu wayarin da ke nan, don Allah a faɗa mana abin da ake gani a gareji, ba abin da dillali ke faɗa ba.

Wayarin_Kofar_Ruwa: Wa alaikumus salam. Malam, babban batir ba dunƙule ɗaya ba ne. A Prius ta 2004 zuwa 2015 gidaje 28 ne aka jera, kowane volt 7.2, jimla 201.6. Camry haibirid ta 2007 tana da 34. Kowane gida yana da sel shida a ciki, in ɗaya ya mutu gidan zai nuna ƙasa da 'yan uwansa da kusan volt 1.2, sai alamar gargaɗi ta fito a dashbod, na'urar sikana ta kawo lambar matsala P0A80. Abin da ke kashe shi a nan zafi ne. Da iskar cikin mota ake sanyaya batirin, fanka ce ke janta ta wata kafa da ke gefen kujerar baya ta dama. Ƙurar hunturu da gashi da zaren kafet su toshe fankar, gidajen tsakiya su dahu, shi ya sa kusan kullum su ne ke fara mutuwa. A cire fankar a goge bayan kowane hunturu, kar a jingina jaka ko filo a kan kafar, kuma a riƙa kunna eyasi lokacin bazara. Mai kashe eyasi don tattalin mai batirinsa yake gasawa.

Oga_Panteka: Ƙari a kan na Malam: kafin a yanke wa babban batir hukunci, a auna ƙaramin, mai volt 12. Motar ba ta da kik, ba ta da altaneta. Ƙaramin ne ke tayar da kwamfuta, in ya yi sanyi alamar READY, mai nuna mota ta tashi, ba za ta fito ba, dashbod ya cika da fitilun ƙarya. A duba kuma 'yan ƙarafan tagulla da ke haɗa gidajen, in sun yi kore a wanke su, sau da yawa nan matsalar take.

Mai_Neman_Mota: To Oga, canza gida ɗaya ko biyu yana yi?

Oga_Panteka: Yana tayar da mota, amma faci ne. Wanda aka sa ba ƙarfinsu ɗaya da sauran ba, bayan 'yan watanni wani ya biyo baya. In za a yi, sai an caje su duka an sauke an daidaita. Kuma duk wayar da ka gani ruwan lemo, kisa take yi. A zare filogin tsaro na jikin batir, a jira minti goma, a sa safar hannu ta masu lantarki, a auna kafin a taɓa.

Wayarin_Kofar_Ruwa: Oga ya yi gaskiya. Wani wurin da ake ɓarna shi ne wajen masu eyasi. Kwamfuresar Prius da lantarki take aiki, man ND-11 take sha. In aka zuba mata man eyasi na sauran motoci wuta za ta riƙa zurarewa, motar ta ƙi tashi. Sannan ruwan sanyaya injin daban, na inbata, mai sarrafa wutar babban batir, daban, kowanne da tankinsa, kuma ruwan hoda na Toyota ake zubawa, ba ruwan rijiya ba. In mota tana READY ka buɗe tankin inbata ka ga ruwa bai motsi, famfon ya mutu, kar a ɗau hanya.

Injiniya_Apo: Prius ta 2010 zuwa 2015 tana da nata ciwon a injin. Bututun EGR da ke mayar da hayaƙi yakan toshe da gawayi, injin ya riƙa kaɗawa da safe, in aka yi sakaci sai gaskit ya ƙone. Mai saye ya ce a tayar masa da ita da sanyi. A gosulo kuma kar a bar giya a N, batir bai caji a nan, a sa P. Kar a ja ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa.

Dillalin_Kwatano: Yallabai, kan kamfanoni. Toyota ta fito da Prius a Japan a 1997, Honda ta biyo da Insight a 1999. Tsarin Honda na farko, IMA, injin lantarki ɗaya ne siriri tsakanin injin fetur da giya, taimako kawai yake yi, batiran Civic na wancan zamani kuma sun ba mutane wahala, har Honda ta koma tsari mai injin lantarki biyu. Hyundai da Kia sun bi wata hanya, injin lantarki ɗaya da giya mai kuloci biyu a Ioniq da Niro. A 2019 Toyota ta buɗe wa sauran kamfanoni haƙƙin fasaharta kusan 24,000 kyauta har 2030. Yanzu masu matsa wa kowa lamba 'yan Sin ne. BYD ta daina ƙera motar fetur zalla a 2022, kuma da Tarayyar Turai ta ƙara haraji kan motocin Sin masu lantarki zalla a 2024, harajin bai shafi haibirid ba, sai suka karkata ga sayar da haibirid masu jona caji a can.

Injiniya_Apo: Alhaji, wannan gasar a ƙasashensu take. Mu abin da Amurka da Turai suka sha shekaru suka sauke muke samu, don haka kayan gyara ne alƙali. Batir da inbata na Prius, Camry da Highlander ana samunsu a kasuwar Ladipo ta Legas da Apo ta Abuja, na Niro sai an yi oda. Mai jona caji kuma in gidanka ba wuta ko sola, nauyin batir kawai kake yawo da shi.

Dillalin_Kwatano: Ban musa ba, Injiniya, sai dai a faɗa wa mai saye: ribar haibirid a cikin gari take, inda ake taka birki ana tsayawa. Mai zirga-zirgar Kano zuwa Abuja ba zai ga bambanci mai yawa ba. Kafin a biya, a jona sikana, a kalli rukunan batir a allo, a Prius 14 ne, gida biyu-biyu. Wanda ya faɗi ƙasa da sauran, a cire kuɗin batir daga farashin.