Wai meye bambancin on time da in time?

Ɗan Garwa: Salam 'yan uwa. Mu nan Faransanci muka yi a makaranta, yanzu kuma ina harkar kaya da mutanen Mubi, wani ya rubuto min "come in time", wani kuma "on time", ni dai duk à l'heure (a kan lokaci, da Faransanci) nake ɗaukarsu, don Allah a warware min.

Malamar Marwa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. On time shi ne ka zo daidai lokacin da aka sa, an ce ƙarfe 8 ka iso ƙarfe 8. In time kuwa ka iso kafin abu ya wuce ka, kamar ka isa tashar Ngaundere jirgin ƙasan Yawunde bai tashi ba, ko da saura minti biyu ne.

Na Kuseri: Gaskiya ne malama. Amma ni wanda ya fi kayar da mutanenmu shi ne delay, sai a ɗauka délai ne, alhali na Turanci jinkiri ne, na Faransanci kuma wa'adi, wanda masu Turanci deadline suke cewa. Lately ma ba latti ba ne fa, kwanakin nan ake nufi.

Baban Ummi: Hhh kuma a kula da "the late Alhaji", marigayi kenan, kar ka je ka rubuta wa mai gidanka haka don ya makara.

Ɗan Garwa: Subhanallah! Na gode, Allah ya ƙara ilimi.