Data firotekshan: "kare bayanan sirri" ko "amanar bayanai"?

1. Jama'a, ina neman shawararku. Tun Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar "data firotekshan", wadda ta hau kan masu riƙe bayanan mutane, daga banki har makarantar kuɗi da ke Unguwar Rimi. Amma har yau ba mu tsayar mata da suna a Hausa ba. Abin da aka fi ji shi ne "kare bayanan sirri", ni kuwa bai kwanta mini ba.

2. Matsalar tana ga "sirri". Bahaushe ya ji sirri, hankalinsa sai ya tafi ga abin da ake ɓoyewa: ciwon da ba a faɗa, bashi, maganar cikin ɗaki. To sunanka ba ɓoyayye ba ne, lambar wayarka kuwa rabin Tudun Wada na da ita, amma duk dokar ta rufe su. Mai POS a Kawo zai rantse bai riƙe sirrin kowa ba, alhali littafinsa cike yake da sunaye da lambobin asusu. Kalmar ta ba shi mafita ke nan.

3. Ni na fi son "amanar bayanai". Ku dubi abin da dokar ta ɗora wa mai karɓa. Ya faɗa maka dalilin karɓa, kada ya karɓi fiye da buƙata, kada ya juya su zuwa wata hidima daban, kada ya ci gaba da riƙewa bayan buƙata ta ƙare. Kana da ikon ka ce a nuna maka abin da aka rubuta a kanka, a gyara, ko a goge. In aka yi kutse ko takardu suka fita ta yadda za a iya cutar da masu su, awa 72 gare shi ya sanar da NDPC, hukumar da ke sa ido kan bin wannan doka. Kowane ɗan kasuwa a Kasuwar Barci ya san hukuncin kayan ajiya, kuma wannan shi ne. Wanda ya sayar wa mai ƙosai tsofaffin fom ɗin ɗalibai, da hotunansu da adireshin iyayensu, kana ce masa ya ci amana zai gane nauyin abin nan take.

4. Wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, amana tsakaninka da Allah ce, ba a cin ta tara." Baba, na ji, amma sai mu ce "Dokar Amanar Bayanai", kalmar doka ta ɗauki wannan nauyin. Tara kuwa akwai ta: manyan masu riƙe bayanai har naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

5. Kamfani ko makarantar da ke yanke abin da za a yi da bayanan sai mu kira shi "mai riƙon amana", wanda ya ɗauka haya ya sarrafa masa su a kwamfuta kuma "wakilinsa".

6. Saura guda: amincewar mai bayanan, "yarda" za mu ce ko "izini"? Na karkata ga izini, domin dokar ta ba mutum damar janye shi duk lokacin da ya so. Malamanmu na Hausa da ma'aikatan gidajen rediyon Kaduna, me kuka gani?