Doka ce ke Kare Mai Kare Haƙƙin Jama'a, ko Kuwa Wani Abu Daban?

Barista, daga Kano: Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da Majalisar Tarayya za ta yi doka ta musamman domin kare masu fafutukar haƙƙin ɗan Adam, musamman waɗanda ke aiki a Borno, Zamfara da Katsina. Kwaddibuwa ta yi irin wannan doka a 2014, Burkina Faso a 2017, Mali a 2018, Nijar kuma a 2022, amma Najeriya, wadda ta kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995, har yau ba ta da ita. Muddin babu dokar da ta fito ƙarara ta ce tattara bayanan cin zarafi aiki ne halastacce, kowane jami'i na iya kiran mai yinsa ɗan leƙen asiri.

Malama, daga Maraɗi: Barista, da girman kujerarka, misalan da ka kawo su ne suka rushe hujjarka. Mu da ke da dokar mun ga iyakarta. Shekara guda bayan an amince da ita sojoji suka karɓe mulki a watan Yulin 2023, aka jingine kundin tsarin mulki, sannan a ranar 3 ga Disamban 2024 aka je gidan Musa Cangari, babban sakataren ƙungiyar fafutuka ta Alternative Espaces Citoyens, a Yamai da dare aka tafi da shi, daga baya aka tuhume shi da laifuffukan da suka shafi ta'addanci aka kai shi gidan yarin Filinge. Kuma kada a ɗora laifin duka a kan masu kaki, domin a 2015, ƙarƙashin gwamnatin farar hula, an tsare shi bayan ya yi magana a kan yadda aka kwashe mazauna tsibiran Tafkin Cadi.

Barista: Malama, ai kamun 2015 ya riga dokar, don haka ba zai zama shaida a kanta ba. Na 2024 kuwa, dokar ce ta ba lauyoyinsa abin nunawa, cewa gwamnati ta taka abin da ƙasa ta rubuta da hannunta. Da babu gara ba daɗi.

Malama: To sai ka faɗa mini abin da dokar 2017 ta tsinana wa Dakta Dauda Jallo na Burkina Faso, wanda ya kafa ƙungiyar yaƙi da tsangwamar ƙabilu bayan kisan gillar da aka yi a ƙauyen Yirgu a 2019. A ranar 1 ga Disamban 2023 aka sace shi a Wagadugu, a bakin ofishin fasfo, aka sa masa kakin soja da sunan dokar gayyar yaƙi ta watan Afrilun shekarar, ba a sake shi ba sai a watan Maris na 2024. Wata doka ce aka ɗauko aka danne wata, kuma lambar yabo ta Martin Ennals, wadda ake ba masu kare haƙƙin ɗan Adam, da ya samu a 2022 ba ta hana komai ba.

Dattijo, daga Maiduguri: 'Ya'yana, ku duka biyun kuna maganar mutanen da duniya ta san sunansu, alhali yawancin masu wannan aiki a wajenmu ba su ma san ana kiransu da wani suna ba. Na san wata baiwar Allah a unguwarmu da ta shafe shekaru tana rubuta sunayen mazan da aka kama ba a sake jin ɗuriyarsu ba, a cikin littafin makaranta mai shafi arba'in, tana ɓoye shi a ƙasan buhun gero. Ranar da wasu baƙin fuska suka zo neman gidanta, mai unguwa ne ya ce ta yi tafiya, matan layin kuma suka riƙa karɓar ta kwana bibbiyu har ƙura ta lafa. Ba na raina doka, amma a daren nan maƙwabta ne suka yi aiki. Sannan ku tuna barazanar ba daga gwamnati kaɗai take ba, domin waɗanda suka kashe Saifura da Hauwa Liman, ma'aikatan lafiyar da aka sace a Rann a 2018, ba su san wata majalisa ba.

Barista: Baba, na karɓi wannan gyara, sai dai ina tambaya: idan da an kama mai unguwar nan saboda ya ɓoye ta, da me za mu je gaban alƙali? Abin da nake so a rubuta ke nan, kariyar da za ta haɗa da mai ba da mafaka da mai ba da shaida, ba shugabannin ƙungiyoyi kawai ba.

Malama: Idan haka ne mun matso kusa, amma ina nan a kan bakana cewa sai kotu ta iya tilasta wa jami'an tsaro su fito da wanda ke hannunsu. Tun watan Agustan 2019 aka ɗauke Dadiyata, wato Abubakar Idris, malamin jami'a mai sukar gwamnati, a ƙofar gidansa a Kaduna, kuma satar mutum laifi ce a dokar Najeriya tun kafin ranar. Wane sashe ne ya rage a rubuta da zai sa a faɗa wa iyalinsa inda yake?