Tsohuwar majami'ar ƙauyenmu da makabartarta

Ɗan Magarya: Salamu alaikum jama'a. Don Allah wa ya san tarihin zuwan mishan ƙasar Damagaram? A ƙauyenmu wajen Dungas akwai wata 'yar majami'a ta laka, bayanta makabarta inda aka rufe kakana, na je bana na tarar ruwan damina ya cinye gefe guda, gicciyen itacen duk gara ta ci, abin ya tsaya min a rai wallahi.

Baba Tsoho: Ɗana, mishan SIM, wato Sudan Interior Mission, sun sauka Zinder a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maradi, Dungas ma sun zauna. Yawancin majami'un ƙauye 'yan ƙasa ne suka gina da hannunsu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 suke karatu.

'Yar Birni: Yaya ka nemi fasto ya duba maka littafin baftisma, amma tsofaffin mata sun fi takarda, innata da fasasshen tulu da gindin gawo take gane kabarin kowa.

Ɗan Mirya: Ni musulmi ne amma in za ku kewaye makabartar ku kira ni, ina da amalanke.

Ɗan Magarya: Na gode ƙwarai, bayan girbi za mu fara buga bulo.